Wa Ya Haukata Fan Jin?

A makon da ya gabaci jarrabawar zangon da ya wuce ne na ci karo da wannan littafi a ɗakin karatu, ina neman wani abu dabam. Fassarar Ingilishi ce wadda Yang Hsien-yi da matarsa Gladys Yang suka yi, aka buga a Bejin a 1957 da sunan The Scholars. Na ɗauko shi da niyyar in ɗan huta da shi na dare ɗaya, sai ga shi ya cinye mini kwana uku waɗanda ilimin tsarin sauti ne ya fi cancanta da su. Ban yi da-na-sani ba. Ga ɗalibin da ke jiran jarrabawa, karanta labarin mutanen da jarrabawa ta haukata kamar mai jiran aski ne yana kallon kan na gabansa.

Sunan littafin na asali Rulin Waishi, watau tarihin bayan fage na dajin malamai. Wu Jingzi ne ya rubuta shi, mutumin Quanjiao a lardin Anhui ta ƙasar Sin, wanda aka haifa a 1701 ya rasu a 1754. Ɗan gidan masu ilimi da muƙami ne. Ya ci matakin farko na jarrabawar gwamnati yana saurayi, daga nan bai ƙara gaba ba. Ya ɓarnatar da gadonsa, ya koma birnin Nanjin a 1733, kuma da aka gabatar da sunansa don wata jarrabawa ta musamman a 1736 sai ya ce ba shi da lafiya, bai je ba. Wajen 1750 ya gama littafin. Bugu mafi tsufa da ya iso hannun mutane na 1803 ne, shekara kusan hamsin bayan mutuwarsa.

Tambayar da nake so in bi a wannan sharhi ɗaya ce. Littafin cike yake da malamai waɗanda suka haddace koyarwar Kwanfushiyas, amma ga su maƙaryata, marowata, matsorata, wasu ma mahaukata tuburan. To, laifin wane ne? Na malamin da suke karanta littattafansa, ko na sarakunan da suka mai da littattafan ƙofar samun muƙami?

Malamin da Ake Magana a Kansa

Kwanfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi, an haife shi a shekara ta 551 kafin Miladiyya a ƙasar Lu, inda garin Qufu yake a lardin Shandong, ya rasu a 479. Bai yi da'awar annabci ba, kuma bai cika tsoma baki a zancen lahira ba. Malami ne wanda damuwarsa ita ce yadda mutane za su zauna da juna: ɗa da uba, ƙane da wa, mata da miji, talaka da sarki, aboki da aboki. Ya dage a kan jin ƙai da mutuntaka, da ladabi da kiyaye al'ada, da biyayya ga iyaye. A wajen mulki kuwa yana ganin halin sarki ne ke gyara talakawa, ba bulala ba.

Akwai wata kalma tasa da ta tsaya mini a rai, watau junzi. Kafin zamaninsa ma'anarta ɗan sarki, wanda aka haifa a gidan mulki. Shi ne ya juya ta ta koma nufin mutumin da ya gyara halinsa, ko ɗan wane ne. Duk wanda ya karanta laccar Kirk-Greene ta Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, ba zai sha wuyar gane abin da ake nufi ba. Sai dai da bambanci guda, kuma a nan ne maganata za ta rataya. Mutumin kirki na Bahaushe yana iya zama manomi ko maƙeri ya mutu a haka ba wanda zai ce ya gaza. Na Kwanfushiyas kuwa ana sa ran in ya yi karatu ya riƙe aikin sarki. Shi kansa malamin ya yi shekara goma sha wani abu yana yawo daga fada zuwa fada yana neman sarkin da zai ba shi aiki, bai samu yadda yake so ba.

Abin da bai samu da ransa ba littattafansa sun samu bayan ya mutu. A shekara ta 124 kafin Miladiyya Sarki Wu na daular Han ya kafa makarantar fada da ɗalibai 50 don koyon waɗannan littattafai. A zamanin daular Sui, wajen shekara ta 605 Miladiyya, aka fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar rubutacciyar jarrabawa, aka kuwa ci gaba da haka, da ɗan tsaiko nan da can, har 1905. A 1313 aka yi dokar cewa sharhin da Zhu Xi ya yi wa Littattafai Huɗu shi ne ma'aunin amsa. Da daular Ming ta zauna sai aka ƙara wani ƙaidi, watau insha'i mai ƙafa takwas: a tsamo jimla ɗaya daga littafi, ɗalibi ya warware ta cikin kashi takwas da aka ƙayyade, yana magana da muryar magabata, ba ra'ayinsa ko ɗaya a ciki. Matakai uku ne. Na gunduma, sa'an nan na lardi wanda ake yi sau ɗaya cikin shekara uku, sa'an nan na babban birni. A na lardi ana kulle ɗalibi a wani ɗan ɗaki kamar akurki, da allo biyu, ɗaya na zama ɗaya na rubutu, ya kwana biyu a ciki, ya fito, ya sake komawa har sau uku. Filin jarrabawar Nanjin ya kai ga samun irin waɗannan ɗakuna fiye da 20,000.

Labarin Kansa

Fan Jin ya bayyana ne a babi na uku. Shekararsa 54, amma a takarda ya rubuta 30. Tun yana ɗan shekara ashirin yake shiga jarrabawar matakin farko, ya shiga fiye da sau ashirin yana faɗuwa. Mai kula da jarrabawar a wannan karo, Zhou Jin, shi ma sai da ya haura sittin bai ci komai ba, har ya taɓa buga kansa da allon ɗakin jarrabawa ya suma don baƙin ciki, wasu fatake suka ji tausayinsa suka yi masa karo-karo. Da ya ga tsoho cikin yagaggiyar riga yana rawar ɗari sai ya tuna kansa. Ya karanta takardar Fan Jin ya ga shirme. Ya sake karantawa ya ga da ɗan abu. A karo na uku ya ga ai babu kamarta a duniya, ya sa shi na ɗaya tun sauran ɗalibai ba su gama miƙa nasu ba. Marubucin bai gaya mana ko insha'in yana da kyau ko ba shi da shi ba. Ya bar mu da mai maki da tausayinsa.

Fan Jin ya roƙi surukinsa, Hu mahauci, guzurin zuwa jarrabawar lardi. Mahauci ya tofa masa yawu a fuska, ya zage shi tas. Ya tafi a ɓoye. Ya dawo ya tarar gida an kwana biyu ko uku ba a ɗora tukunya ba, uwarsa har ba ta gani sosai don yunwa, ta aike shi kasuwa da kazarta mai ƙwai. Yana can yana neman mai saye masu albishir suka iso a kan dawaki. Maƙwabci ya je ya faɗa masa, ya ƙi yarda, sai da aka fizge kazar aka jawo shi. Da ya ga sunansa a takarda ya tafa hannu, ya yi dariya, ya faɗi sumamme. Aka ba shi ruwa ya farfaɗo, ya zura da gudu yana shelar ya ci, ya afka kududdufi, ya fito da taɓo har ka, takalmi ɗaya ya ɓace.

Maganin da aka samo shi ne a nemo wanda ya fi jin tsoro ya kwaɗa masa mari. Mu da suruki ba ya ko haɗa ido da mijin 'yarsa a bainar jama'a, wannan wuri yana da wani daɗi na daban a wajenmu. Amma abin dariyar ba marin ba ne. Mahaucin da ya tofa yawu jiya, yau tsoro ya kama shi, domin ya ji an ce masu cin jarrabawar lardi taurari ne da suka sauko daga sama. Sai da ya kurɓi giya ya yi ƙarfin hali, ya yi marin, hankalin Fan Jin ya dawo, shi kuwa hannunsa ya kama ciwo, ya tabbata sama ce ta kama shi. A hanyar gida yana biye da surukin nasa yana ta gyara masa bayan riga inda ta yamutse, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Cikin wata biyu zuwa uku an kawo gida, da gonaki, da barori. Ran da uwar ta gane cewa kwanukan da ke gabanta duk nata ne, dariya ta sarƙe ta, ta faɗi, ba ta ƙara tashi da lafiya ba.

A nawa ganin, a nan gwanintar Wu Jingzi take. Ba ya wa'azi, ba ya cewa wane mugu ne. Habaicinsa a aikin taurarinsa yake. Ga misali. Fan Jin yana cikin makokin uwarsa ya ziyarci wani hakimi mai suna Tang. Aka kawo tsinken cin abinci mai adon azurfa, ya ƙi taɓawa saboda makoki. Aka kawo na hauren giwa, ya ƙi. Sai da aka kawo na gora. Hakimi ya shiga damuwa kada baƙo ya ƙi nama ma, sai ya ga ya miƙa hannu ya tsamo ƙaton curin jatan lande ya jefa a baki. Shi ke nan, marubuci ya wuce abinsa. Daga baya Fan Jin ya zama mai kula da jarrabawar lardi guda, aka yi wata barkwanci a gabansa game da jami'in da bai san Su Shi ba, mawaƙin da ya rasu tun 1101 wanda ko yaro ya san sunansa, ashe shi ma bai san shi ba.

Wannan hakimi Tang, af, Musulmi ne, kuma a babin akwai wani abu da ya dame ni fiye da cin jatan lande. An hana yanka shanu, wani dattijon Musulmi ya kawo masa nama don roƙon sassauci. Abokin tafiyar Fan Jin, shi ma mai digirin lardi, ya ba da shawarar a sa wa dattijon katako a wuya a jibga naman a kai, don manya su ji labarin tsananin hakimi su ƙara masa girma. Aka yi haka, a rana ta uku dattijo ya mutu, gari ya rikice, masu ilimin suka tsere ta kan ganuwa da igiya. Ga irin masu mulkin da insha'i mai ƙafa takwas yake haifarwa.

Rabon Laifi

Wani abokina da muke ɗaki ɗaya, ɗalibin tarihi, da na ba shi labarin sai ya ce, "Kai dai ka faɗi gaskiya, malam, tsohon nan ne ya cuce su." Ban yarda da shi duka ba, kuma ba na jin Wu Jingzi zai yarda. Marubucin almajirin Kwanfushiyas ne na gaske. Ya buɗe littafin da Wang Mian, makiyayin ɓauna da ya koya wa kansa zane, mai kula da uwarsa, wanda ya gudu kan dutse don kada a ba shi muƙami. Ya rufe shi da talakawa huɗu, cikinsu har da tela mai kaɗa molo irin na Sinawa, waɗanda ke neman ilimi don kansu ba don kowa ya gani ba. Abin da yake cewa shi ne ainihin koyarwar tana wajen waɗanda ba su shiga akurki ba.

Tarihi ma yana goyon bayansa ta wani gefe. Mengzi, babban magajin Kwanfushiyas, ya koyar cewa talakawa sun fi sarki muhimmanci, kuma azzalumin sarki ya zubar da haƙƙinsa na sarauta. Wannan ya ɓata wa wanda ya kafa daular Ming rai har a 1394 ya sa aka cire wurare 85 daga littafin Mengzi, aka hana yin tambaya a kansu. Sarkin da ya yi wa littafi kaciya ba zai ce littafin ne ya koya masa mulki ba. A 1566 kuma wani ƙaramin jami'i, Hai Rui, ya sayi akwatin gawarsa tukuna, sa'an nan ya aika wa sarki takarda yana lissafa masa laifuffukansa. Littattafan da Fan Jin ya haddace su ne Hai Rui ya haddace. Kada kuma a manta cewa a zamanin da muƙami a yawancin duniya gado ne, a Sin ɗan talaka yana da ƙofa, ko da ƙanƙanuwa ce. Tun zamanin daular Song ake rufe sunan ɗalibi, magatakarda su kwafe amsarsa don kada mai maki ya gane hannunsa. Koriya ta ari tsarin daga 958 zuwa 1894, Biyetnam kuma daga 1075 zuwa 1919.

Duk da haka ina ganin Wu Jingzi ya yi wa malaminsa sassauci fiye da kima, kuma littafin nasa ne da kansa ya ba ni hujja. Akwai wani tauraro, Ma Chunshang, mai tara insha'in waɗanda suka ci jarrabawa yana bugawa ɗalibai suna saye. Mutum ne mai kirki, mai kyauta. Hujjarsa ita ce kowane zamani da hanyarsa ta samun muƙami, kuma da Kwanfushiyas zai dawo, dole shi ma ya koyi insha'i, in ba haka ba ba mai ba shi aiki, koyarwarsa ta tsaya a baki. Marubucin ya sa masa wannan magana ne don mu yi dariya. Ni na yi dariyar, amma da na sake dubawa ban ga inda Ma ya yi ƙarya ba. In dai an ce cikar ilimi ita ce riƙe aikin sarki, to an miƙa wa sarki linzami, shi zai faɗi abin da ake kira ilimi. Sarakuna ne suka gina akurkin, amma filin da suka gina shi a kai malamin ne ya share musu.

Babi na 48 ya fi wannan tsanani, domin babu ruwan jarrabawa a cikinsa. Wang Yuhui tsohon malami ne, matalauci, mai gaskiya, yana rubuta littafi a kan ladabi. Mijin 'yarsa ya mutu, ta ce za ta bi shi ta hanyar ƙin cin abinci. Surukanta suka yi kuka suka hana, uwarta ta hana, uban ya ce ta yi, suna ne mai kyau za ta bari. Bayan kwana takwas ta mutu, ya ɗaga kai ya yi dariya yana yabon mutuwar. Kwanfushiyas bai umarci haka ba, malaman baya ne irin su Cheng Yi suka koyar cewa gara mace ta mutu da yunwa da ta sake aure, gwamnati kuma tana gina wa irin waɗannan mata ƙofofin tunawa. Amma Wang ba munafuki ba ne kamar mai cin jatan lande. Ya yi imani da abin da ya karanta, imanin ne ya kashe 'yarsa. Ran da aka yi bikin girmama ta zuciyarsa ta karye ya ƙi fita, ya bar gari, a Suzhou ya hangi wata yarinya da fararen kaya a cikin jirgi, hawaye suka zubo masa. Ban karanta wuri mai ciwo kamar wannan a littafin ba, kuma shi ne ya rushe rabon da marubucin yake so ya yi tsakanin koyarwa mai tsarki da jarrabawa mai datti.

Ta fuskar zubi da tsari littafin yana da rauni wanda ba zan ɓoye ba. Ba shi da babban tauraro. Wannan ya haɗu da wancan a hanya, sai labari ya bar na farko ya bi na biyu, har mai karatu ya manta da wanda ya fara so. Kashi na farko wuta ne, na tsakiya da na ƙarshe akwai wuraren da na yi ta tsallake. Maganin da marubucin ya kawo ma bai gamsar da ni ba. A babi na 37 mutanen kirki sun taru a Nanjin sun yi wani babban biki irin na magabata a haikalin Taibo, babin kuwa jerin ruku'u ne da kaɗe-kaɗe, mai sa barci. Sai dai in yi masa adalci, shi ma ya san bai warkar da kowa ba. Wang Yuhui ya je haikalin ya tarar da ƙura, kayan bikin a kulle cikin akwatuna, a ƙarshen littafin kuma rufin ya fara zubewa.

Bayan Wu Jingzi

Abin da ya rubuta a matsayin ban dariya ya faru a matsayin bala'i. Hong Xiuquan, malamin ƙauye, ya faɗi jarrabawar matakin farko sau huɗu. Bayan faɗuwa ta uku a 1837 ya kwanta ciwo yana gane-gane, daga baya ya jagoranci tawayen Taiping wanda ya ci rayukan mutane miliyan 20 ko fiye kafin a murƙushe shi a 1864. Shi ma da ya kama Nanjin sai ya kafa tasa jarrabawar.

An soke tsohuwar jarrabawa a 1905. Cai Yuanpei, wanda shi kansa ya ci matakinta na ƙoli, da ya karɓi shugabancin Jami'ar Bejin a 1917 abin da ya fara gaya wa ɗalibai shi ne jami'a wurin bincike ne, ba tsanin muƙami da dukiya ba. Samarin zamanin zanga-zangar 4 ga Mayu 1919 suka ɗora wa Kwanfushiyas alhakin duk ci-bayan ƙasarsu, kuma manyan marubutansu, Hu Shi da Lu Xun, su ne suka ɗaukaka wannan littafi. A 1966 matasan Juyin Al'adu suka je Qufu suka tone maƙabartar gidan Kong, aka kuma dakatar da jarrabawar shiga jami'a. Da aka dawo da ita a ƙarshen 1977 mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki kusan 270,000. A 2024 waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 13, kuma tun a 2021 sai da gwamnati ta sa doka a kan makarantun ƙarin darasi na kuɗi saboda wahalar da yara ke sha. Ba insha'i mai ƙafa takwas a wannan jarrabawa, lissafi ne da kimiyya da harsuna. Wannan ya sa na rage wa malamin kason laifinsa kaɗan, na ƙara wa mahauci da maƙwabta, waɗanda ba su karanta komai ba amma su ne suke tofa yawu su kuma gyara riga.

Shi kuwa malamin an wanke shi an dawo da shi. A 2004 aka buɗe cibiyar farko mai ɗauke da sunansa a birnin Seoul don koyar da Sinanci, irinta ta iso Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. Abin da ya rage na filin jarrabawar Nanjin ya zama gidan tarihi, kusa da haikalin Kwanfushiyas. In watan Yuni ya gabato, iyaye da 'ya'yansu sukan je irin waɗannan haikalai su rataya jajayen alluna da roƙon a ci jarrabawa.